KUƊƊIN TALLAFIN NOMA: HANNUN WA SUKE SHIGA?

Kowace shekara, in bazara ta kama, maganar taki da iri ita ke bakin manoma. A rediyo akan ji cewa gwamnati ta kawo takin zamani, za a saida shi da rahusa. Wani gari buhuna su zo kan lokaci. Wani gari su zo bayan an gama noman fari. Wani gari kuwa labari kaɗai za su ji. Sannan ranar kasuwa a tarar da irin takin nan a rumfar ɗan kasuwa, da tsada.

Daga nan sai zargi. Wannan ya ce ƴan kwamiti ne sunka ci. Wancan ya ce tun daga birni anka karkata shi. Ba mai shaida, don ba wanda ya ga takardar rabo. Zargi marar shaida kuwa yana ɓata zumunta, yana kashe koperatif, kuma ba ya maido da ko tiya guda.

Wannan matsala ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Ƙasashen Turai, duk da arzikinsu, sun yi shekaru suna gardama bisa tambaya guda: wa ke amsar kuɗɗin tallafin noma? Abin da ya faru can yana da darasi ga duk garin da ke da koperatif.

MINE NE TALLAFI?

Tallafi shi ne kuɗɗin da gwamnati ke ɗauka daga baitulmali ta sa cikin aikin manomi. Ya bambanta da bashi. Bashi ana biyan shi da kaka. Tallafi ba a biyan shi.

Yana zuwa ta hanya iri-iri. Wani lokaci gwamnati ta biya wani kashi na kuɗɗin taki, ko iri, ko maganin ƙwari, ko injin ban ruwa. Wani lokaci ta sayi amfanin gona da tsadar da ta ɗara ta kasuwa. Wani lokaci ta zuba ma manomi kuɗɗi tsaba cikin asusunshi na banki.

Ga misali da lissafi. A ɗauka buhun taki mai kilo 50 ya tsaya ma gwamnati jika 24, har da kuɗɗin mota. Ta saida ma manomi jika 12. Sauran jika 12 su ne tallafi. Wanda ya amshi buhu 2, an ba shi jika 24 ke nan, ko da bai riƙa su da hannunshi ba. Wanda ya amshi buhu 50, an ba shi jika 600. In gari ya samu buhu 200 don magidanta 100, sai mutum ɗaya ya kwashe 50, to magidanta 25 sun tashi hannu wofi.

Buhu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Masanan cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, sun nuna dabarar sa taki kaɗan-kaɗan: giram 6 na taki 15-15-15 cikin kowane ramin shuka, wato kamar cikin marfin kwalba guda. Hekta mai rami 10,000 tana cin kilo 60. Ke nan buhu ɗaya ya kusa isar hekta guda ta hatsi. Wanda anka hana ma buhu, an rage mashi dami cikin rumbu.

KUƊƊIN NAN NA WANE NE?

Gwamnati ba ta da gonar da kuɗɗi ke tsira. Abin da ke baitulmali daga jama'a yake fitowa: haraji, kuɗɗin duwan, rabon ƙasa cikin ma'adinai da man fetur. Wani kashi taimakon ƙasashen waje ne. Wani kashi bashi ne, wanda ɗiya da jikoki za su biya. Duk wanda ya sayi sukari, ko sabulu, ko atamfa, ko ya sa kuɗɗi cikin salula, ya biya haraji cikin kuɗɗin kayan, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka tallafi dukiyar jama'a ce. Ma'aikaci ko ɗan kwamitin da ke rabo amana anka ba shi. Mai dukiya kuwa yana da ikon ya tambayi inda dukiyarshi ta shiga. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

YADDA TURAI KE BIYAN MANOMANTA

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, mutanen Turai sun sha yunwa. A 1962 ƙasashe 6 sunka haɗa asusu guda don noma: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Lukzambur. Yau ƙasashe 27 ke cikin wannan ƙungiya, wadda ake kira Tarayyar Turai.

Da fari, hukuma ce ke tsaida farashi mai tsada. Abin da kasuwa ta kasa saye, hukuma ta saye ta ajiye. Manoma sunka duƙufa, abinci ya wadata har ya yi yawa. Alkama, nama, garin madara da man shanu sunka cika mangazoji. Cikin shekarun 1980, wajen kashi 2 cikin 3 na kuɗɗin ƙungiyar noma ke cinye su.

A 1992 anka fara canza tsari. Anka rage farashi, anka koma biyan manomi kai tsaye. Yau mafi yawan tallafin bisa faɗin gona ake biyan shi: kowace hekta da kuɗɗinta, kowace shekara.

Kuɗɗin suna da yawa ƙwarai. Daga 2021 zuwa 2027 an ware wajen yuro miliyar 387. Miliyar ɗaya ita ce miliyan dubu, yuro ɗaya kuwa sefa 656. Faransa ita ke amsar rabo mafi girma, wajen yuro miliyar 9 a shekara, wato kusan sefa miliyar 5,900. Kasafin kuɗɗin ƙasar Nijar gaba ɗaya na shekarar 2025 wajen sefa miliyar 3,000 ne. Abin da manoman Faransa ke amsa a shekara ya kusa ninka shi biyu.

YADDA ANKA BUƊE LITTAFIN

Shekara fiye da 40 ana wannan biya, amma sunayen masu amsa suna kulle cikin ofisoshi. In an tambaya, sai a ce kuɗɗin na ƙaramin manomi ne, don kada ya bar gonar gado ya tafi birni. Jama'a sunka yarda, don ba su da hanyar dubawa.

A 2004 wasu ƴan jarida biyu na ƙasar Danmak, Nils Mulvad da Kjeld Hansen, sunka matsa ma hukumar ƙasarsu. Sun dogara da dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon ganin takardun gwamnati. An ƙi masu da fari, ba su gaji ba, har anka ba su jerin sunayen. A 2005 Ingila ta fitar da nata jerin, bayan irin wannan doka ta fara aiki can. Cikin wannan shekara wasu ƴan jarida da masu bincike sunka haɗa kai, suna bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya da takardar neman bayani. Abin da sunka samu sai su baza shi a intanet, kowa ya gani.

Da abin ya yi ƙarfi, Tarayyar Turai ta maida shi doka. Anka ce kafin ƙarshen watan Afrilu na 2009, kowace ƙasa ta fitar da sunan duk wanda ya amshi tallafi, da garinshi, da abin da ya amsa.

ABIN DA ANKA GANI CIKI

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da anka buɗe littafin, sai ga sunayen da ba a zata ba.

A Ingila, na kan gaba ba manomi ba ne. Kamfanin sukari ne mai suna Tate & Lyle. Gonakin Sarauniya Elizabet suna cikin jerin, da na manyan masu sarauta da sunka gaji dubban hektoci.

A Faransa, cikin jerin da ya fito a 2009, na ɗaya shi ne kamfanin kaji mai suna Doux. Ya amshi yuro miliyan 62 da ɗoriya cikin shekara guda, wato wajen sefa miliyar 41. An biya shi ne don ya iya saida kaji da araha a ƙasashen waje. Yarima Albert na Monako, ɗaya daga cikin attajiran sarakunan Turai, shi ma ya amshi fiye da yuro 250,000 saboda gonakin da yake da su arewacin Faransa.

Mafi yawan waɗannan mutane ba sata sunka yi ba. Doka ce ta ba su. In ana biya bisa hekta, mai hekta 500 za ya amshi ninki 100 na mai hekta 5. Hukumar Tarayyar da kanta ta lissafa cewa wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗɗin da ake biya kai tsaye suna shiga hannun kashi 20 cikin 100 na masu amsa. In anka kwatanta da gari mai magidanta 10 da dami 10, biyu sun ɗauki dami 8, sauran takwas suna rabon dami 2.

Wannan shi ne amfanin jeri na farko. Yana nuna ɓarawo in akwai shi. Yana kuma nuna in ma'aunin rabon da kanshi ya karkace. Gardamar da ta biyo baya ta taimaka wajen gyara. Tun 2015 Faransa tana ƙara kuɗɗi bisa hekta 52 na farko na kowace gona, don ƙananan gonaki su ɗan ɗaga. Tun 2023 dokar Tarayyar ta nemi ƙasashe su ware kashi 10 cikin 100 na biyan kai tsaye don irin wannan ƙari.

MANOMA SUN KAI ƘARA

Ba kowa ya ji daɗin buɗe littafin ba, kuma ba manya kaɗai sunka yi kuka ba. Wasu manoma sun ce: "Don mi maƙwabci da ɗan kasuwa da mai bin bashi za su san abin da ya shiga aljihunmu?" Wasu sun ji tsoron hassada da ɓarayi.

Wasu manoman Jamus sunka kai ƙara. Ranar 9 ga watan Nuwamba na 2010 babbar kotun Turai ta yanke hukunci. Ta yarda jama'a na da ikon sanin inda harajinsu ke tafiya. Amma ta ce baza sunan kowane mutum ba tare da bambanci ba ya wuce iyaka, don mutum na da sirrin gidanshi. Anka cire sunayen mutane daga jerin, anka bar na kamfanoni.

A 2013 anka yi sabuwar doka mai bin tsakiya, ta fara aiki da jerin 2015. Ga yadda take:

Kowace shekara, kafin ƙarshen watan Mayu, kowace ƙasa ta fitar da jeri.

A rubuta suna, da gari, da yawan kuɗɗi, da dalilin da ya sa anka biya.

Wanda abin da ya amsa bai wuce yuro 1,250 ba, wato wajen jika 820, a sa lamba a madadin sunanshi.

Jerin ya zauna shekara 2 inda kowa ke iya gani, sannan a sauke shi.

Darasi na biyu ke nan. Abin da ya shafi dukiyar jama'a a bayyana shi. Abin da ya shafi cikin gidan mutum a rufa mashi.

TAKARDA KAƊAI BA TA ISA BA

Jeri na iya fita, amma a cika shi da ƙarya. A tsibirin Sisili na Italiya, cikin duwatsun Nebrodi, wasu gungun miyagu da ake kira Mafiya sun yi shekaru suna amsar tallafi bisa makiyayar da ba tasu ba. Wasu filayen da barazana sunka ƙwace su. Wasu na hukuma ne. Har da sunayen mamata sunka yi aiki. Masu filaye na ainihi sun yi shiru don tsoro. Shugaban gandun dajin wurin, Giuseppe Antoci, ya tsananta bincike. A 2016 anka buɗe ma motarshi wuta da dare, Allah ya tsare shi. A watan Oktoba na 2022 kotun farko ta hukunta mutum 91.

A ƙasar Girka, a 2025, asirin wasu ya tonu. Sun rubuta makiyayar da ba su mallaka ba, da tumaki da awakin da babu su. Tarayyar Turai ta yanke ma ƙasar tara ta kusan yuro miliyan 400, wani minista ya ajiye aiki.

Ma'aikacin da ke zaune a babban birni ba ya iya sanin ko wane na da tumaki 500 ko 5. Maƙwabcinshi ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo. Don haka jeri ya fi amfani in ya komo garin da anka rubuta sunayen, mutanen wurin sunka karanta shi, kuma ba su ji tsoron magana ba.

INA RUWAN SAHEL DA TALLAFIN TURAI?

Akwai ruwanta. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, jiragen ruwa sun yi ta sauke daskararren naman shanu na Turai a Abijan da sauran biranen gaɓar teku. Ana saida shi ƙasa da kuɗɗin naman gida, don asusun Turai na cika ma masu fitar da shi. Makiyayan Sahel masu kai shanu kudu, musamman na Mali da Burkina Faso, sunka rasa kasuwa. A 1993 wasu ƙungiyoyi na Turai sunka tattara lissafin abin da ake biya, sunka nuna ma jama'arsu ɓarnar da kuɗɗinsu ke yi. Anka rage wannan tallafi. A watan Disamba na 2015, a taron Nairobi, ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya sunka amince a daina tallafin fitar da amfanin gona waje.

DABARUN WASU ƘASASHEN AFIRKA

A Afirka, tallafi ya fi zuwa ta hanyar taki da iri. A watan Yuni na 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja. Lokacin nan manomin Afirka kilo 8 na taki yake sa ma hekta, in anka raba daidai. Sunka yi alkawarin kai shi kilo 50, wato buhu guda, kafin 2015. Ƙasashe da yawa ba su kai ba, Nijar kuwa tana cikin masu sa taki mafi ƙaranci.

Ƙasar Malawi ta fara nata shiri a 2005, bayan wata shekarar yunwa, zamanin shugaba Bingu wa Mutharika. Ana ba magidanci takardar amsar buhu 2 da rahusa mai yawa. Gidaje fiye da miliyan ɗaya sun samu, masara ta ƙaru. Amma an samu takardun jabu da sunayen mutanen da babu su. Daga baya anka ce a riƙa zaɓen sunaye a taron gari, gaban kowa. Masu bincike sun ga cewa inda anka yi haka, talakawa sun fi samun rabonsu.

A Najeriya, ministan noma Akinwumi Adesina ya faɗi cewa cikin tsohon tsari, manomi 11 kaɗai cikin 100 ke samun takin da gwamnati ke saye. A 2012 ya kawo sabuwar dabara. Anka rubuta sunayen manoma da lambobin salularsu. Saƙo ya shigo ma manomi, ya tafi wurin dillalin da anka yarda da shi, ya biya rabi, ya ɗauki buhu 2. Manoma fiye da miliyan 10 anka rubuta. Dabarar ta rage masu shiga tsakani, amma tana da nata cikas. Wasu ba su da salula, wasu garuruwa ba layi, wasu ba su iya karanta saƙon. Dillalai kuma sun daɗe suna bin gwamnati bashi. Bayan 2015 shirin ya yi rauni.

A NIJAR FA?

A Nijar, a 2010 anka kafa ma'aikatar CAIMA don sayo taki da kayan noma. Ta yi shekaru tana saida buhun taki jika 13 da rabi. Rahusa ce ta gaske, amma ta bi buhu, ba ta bi sunan manomi ba. Duk wanda ya riga zuwa da kuɗɗi shi ke morar ta. Binciken da anka yi ya nuna mafi yawan ƙananan manoma ba su samu.

A watan Janairu na 2018 gwamnati ta amince da wani gyara na harkar taki, tare da taimakon wani asusu na Amurka mai suna MCC. Manufarshi ita ce ƴan kasuwa su riƙa shigo da taki, tallafi kuwa ya bi sunan manomi ta takardar bon. An fara gwada shi cikin wasu komin-komin, inda anka rubuta sunayen manoma tun kafin rabo.

Akwai kuma doka mai lamba 2011-22, ta ranar 23 ga watan Fabrairu na 2011. Ta ce ɗan ƙasa na da ikon neman bayani da ganin takardun ma'aikatun gwamnati, in ba na sirrin da doka ta keɓe ba ne. Irin wannan doka ce ƴan jaridar Danmak sunka riƙe har anka buɗe masu littafi.

Ko ta wace hanya tallafi ya zo, ta mangaza, ta bon ko ta salula, tambayoyi huɗu ba su canzawa. Nawa ya zo? Da wane farashi? Su wa anka rubuta? Su wa sunka amsa?

ABIN DA GARI KE IYA YI

1. Kafin kaya su zo, ƴan kwamiti su tambayi malamin gona yawan buhunan da anka ware ma garin, da kuɗɗin buhu, da sharaɗin samu. A rubuta amsar cikin littafin koperatif, a faɗa ma jama'a.

2. A rubuta sunaye a taron gari, da rana, maza da mata suna nan. Kada a manta da matan da mazansu sunka rasu, da waɗanda mazansu sunka tafi cin rani sunka bar masu gona. In anka gama, a karanta jerin da ƙarfi, suna bayan suna. Nan ake kama sunan mamaci, da na wanda ya ƙaura, da na wanda anka rubuta sau biyu.

3. A yi jerin kashi uku. Ɗaya hannun kwamiti, ɗaya hannun malamin gona, ɗaya a liƙa ƙofar mangaza ko zauren mai gari. In da hali a rubuta da boko da ajami.

4. Cikin jerin da za a liƙa, suna da yawan buhu da kuɗɗin da anka biya sun isa. Kada a sa lambar salula, ko lambar katin shaida, ko bashin da ake bin mutum. Waɗannan su zauna cikin littafi.

5. Ranar da mota ta zo, a ƙidaya buhuna gaban shaidu tun ana saukewa. Kada a sa hannu bisa takardar direba sai lissafi ya cika.

6. Kowa ya amshi rabonshi da kanshi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ba shi rasi. Marar lafiya ya wakilta wanda jama'a sunka sani.

7. Bayan rabo a sake taro. Magatakarda ya faɗi abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya saura, da kuɗɗin da ke akwati.

8. In lissafi bai cika ba, a rubuta takarda mai kwanan wata da adadi, mutane su sa hannu, a kai ma malamin gona da hukumar komin. A riƙe kwafi guda. Takarda mai adadi ta fi hayaniya tasiri gaban hukuma, kuma ba ta ɗora laifi bisa wanda bai yi ba.

Wannan tsari kariya ce ga ƴan kwamiti masu gaskiya. Da yawa cikinsu suna wahala kyauta, su ƙare da baƙin jini. In jeri yana liƙe a ƙofa, mai zargi sai a ce mashi ya je ya karanta.

MAI SAIDA SUNANSHI

Akwai wata ɓaraka da jeri ba ya toshewa. Tallafi na zuwa da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe. Sunan talaka na cikin jeri, amma ba ya da jika 12 na biyan rabinshi. Sai mai kuɗɗi ya zo ya ba shi jika 2, ya amshi bon ɗin ko katin shaidarshi. Bisa takarda talaka ya samu. A gona kuwa bai ga komi ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi.

Maganin wannan tun da kaka ake haɗa shi. Wasu koperatif suna buɗe asusun taki, kowa ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan daga kuɗɗin wake da gujiya. Wasu suna ajiye amfanin gona cikin mangaza mai kwaɗo biyu, su amshi rance bisa shi, su saida in farashi ya tashi. Wannan dabara ta jingina ta bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, tare da shagunan kayan noma na ƙauye masu saida taki da kilo. Mutum biyu ko uku kuma suna iya haɗa kuɗɗi su fanshi buhu guda su raba. Rabin buhu a gonar mutum ya fi jika 2 da za su ƙare ranar kasuwa.

AIKIN MASU KARATU

Takardar da anka liƙa a bango, in ba mai karanta ta, ado ce kawai. A Turai ƴan jarida ne sunka zauna sunka bi jeri layi-layi. A ƙauye wannan aiki na ɗaliban yaƙi da jahilci ne. Wanda ya iya karanta suna, ya iya tarawa da ɗebewa, ya isa ya duba rabon garinsu. Ya iya gane in anka rubuta mashi buhu 4 alhali 2 ya ɗauka. Ya iya karanta ma tsoho abin da za ya dangwala ma yatsa. Mace mai karatu ta iya duba ko sunayen ƙungiyar mata sun shiga.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin bazara mai zuwa, ya kamata kowace makarantar yaƙi da jahilci ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su tsaya wurin rabo da alƙalami da takarda.

DON MAHAWARA A MAKARANTA

1. Wane irin tallafi ya zo garin bara? Wa ya san adadinshi?

2. Gari ya samu buhu 120. An rubuta magidanta 55, kowa buhu 2. Buhu nawa ya kamata su saura? In magatakarda ya ce 4 sunka saura, nawa sunka ɓace?

3. In buhuna ba su isa kowa ba, wane ma'auni ya fi adalci: faɗin gona, yawan iyali, ko kowa daidai?

4. Mine ne ya kamata a liƙa a ƙofar mangaza, mine ne kuma ya kamata ya zauna cikin littafi?